Hoce da Ƙuli: Abincin Ranar Dauran Kafin Zuwan Shawarma

Yaran da suka je karatu Gusau ko Kano kan dawo gida da labarin shawarma: burodi marar kauri, a naɗe tsokar kaza ko ta talotalo a ciki da kabeji da yaji, kafin ka zauna an miƙo maka. A ganinsu sabuwar dabara ce. Alhali mutanen Dauran ta ƙasar Zurmi a Zamfara sun daɗe da nasu abincin rana na gaggawa, mai yajin da ke karya gumi, ba ruwansa da firji ko lantarki.

Hoce ke nan. Garin dawa ake kwaɓawa a gasa, ya fito da ƙarfinsa, ya yi kwanaki a jakar matafiyi bai lalace ba. Idan azahar ta yi a gona, sai a sauka gindin tsamiya a marmasa shi a ƙwarya, a zuba dakakken ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a yaryaɗa man gyaɗa, a cuɗa da hannu har jikinsa ya yi laushi. Datu ya haɗu. Wanda ya ci ya kora da ruwan gora, sai la'asar za a sake jin bakinsa. A tasha kuma direba ya leƙo ta taga ya ce wa mai sayar da datu: "Inna, a sa mini yaji da yawa." Ita kuwa ta ce, "To ɗana, kada dai ka yi kuka."

Ƙulin nan yana da tarihi. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Shinkafi can suka riƙa taruwa a wancan zamani ana loda su a jirgi. Gyaɗar da ta rage a gida mata ke soyawa, su niƙa, su matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli. Da wannan sana'a mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Nama sai ranar kasuwa. Wanda ya sayar da rago ranar Alhamis a Shinkafi yakan tsaya gun mai tsire, a bulbule masa shi da yaji a naɗe a takarda, ya ci rabi, ya kai wa yara saura. Talotalo kuwa ba abin yankawa da rana tsaka ba ne. Tsuntsun gidan mai hali ne, 'ya'yansa ba sa jure damina, wanda ya girma kuma ana ajiye shi ne don masu saye gab da Kirsimeti. Zabo da ƙwansa su talaka ya sani.

Abin da ya rage wa hoce kasuwa ba shawarma ba ce. Rashin tsaro ne ya hana mutane gonakin nesa, hanyar Zurmi zuwa Jibiya ta zama abin fargaba, a 2021 ma aka rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako a faɗin Zamfara. Inda ba a noma dawa da gyaɗa ba, datu tsada yake yi.

Mai son shawarma ya ci, ba laifi. Amma iyaye mata su daure su koya wa 'ya'yansu gashin hoce tun masu iya shi suna raye, mahukunta kuma su tsare wa manomi hanyar gonarsa.