Rubutun Da Ba Malami Kaɗai Ke Karantawa Ba

Mu malaman harshe mun daɗe da lura cewa yaro ba ya rubutu da zuciya ɗaya in ya san malami kaɗai zai karanta. Zai cika shafi a kan yadda ya yi hutunsa, mu bi da jan biro, littafi ya koma jaka, shi ke nan. Amma ce masa gobe za a manna takardarsa a bango kowa ya gani. Nan da nan zai zo yana tambaya ko "ƙasa" ake rubutawa ko "kasa".

Saboda haka muka fara da allon sanarwa. Kowane mako ɗalibai huɗu ke kawo rubutu, kuma sharaɗin shi ne ka rubuta abin da ka gani da idonka, ko ka ji daga bakin dattijo. Wani ɗan Batsari ya bayyana yadda ake cinikin rogo ranar kasuwa. Wata yarinya daga wajen Runka ta bi kakarta tana yin daddawa, tun daga dafa kalwa har kwanakin da ake rufe ta ta yi wari. Wani kuma ya tambayi kakansa dalilin da ake ce wa hakimin Batsari Sarkin Ruma, ya dawo da shafi uku, yaron da dā layi goma ke gagararsa. A ƙarƙashin kowane rubutu mukan manna farar takarda domin masu karatu su amsa. Mai amsa sai ya sa sunansa, ya kuma faɗi abu ɗaya da ya ƙaru da shi kafin ya yi gyara.

Wani zai ce wannan wasa ne, jarrabawa na tafe. Mu ba mu ga haka ba. Duba sunan Batsari ko Safana a jarida, abin da za ka fara gani shi ne dajin Rugu, satar shanu da garkuwa da mutane. Gaskiya ne, ba mu musu. Cikin ajinmu akwai waɗanda iyayensu suka baro gonakinsu. Sai dai mai rubuta labarin yakan zo ne bayan an yi ɓarna, ya koma kafin magariba. Rogon da daddawar fa, wa zai rubuta? Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam ya ba wasiƙun masu karatu fili, mutanen garuruwa suka ga maganarsu a takarda. Irin wannan filin muke so 'ya'yanmu su samu.

Amma a ƙasarmu rubutu na iya jawo wa gida masifa, kuma tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020 ba mu wasa da wannan. Ba a rubuta wanda ya sayar da sa, ko wanda ya biya kuɗin fansa, ko hanyar da mutane ke bi da dare. Ba hoto, ba sunan gida. Manyan ɗalibai na matsa mana a sa rubutunsu a Facebook. Mukan yarda da wasu, bayan ɗan aji ya karanta, malami ya karanta, iyaye sun amince. Mukan kuma tuna musu cewa a Satumba 2021 an katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Allon bango kuwa ƙusa huɗu kawai yake bukata.

Iyaye da dattawan ikilisiya, muna roƙo: in yaro ya zo muku da biro da takarda cikin wannan hutu, ku ba shi tabarma ya zauna. Rubutun farko na sabon zango a kan tsofaffin rijiyoyin garuruwanmu ne, da waɗanda suka haƙa su.