Tafiyar Babur Daga Agege Zuwa Sakkwato

Duk wanda ya ji an ce mutum ya hau babur tun daga Legas har Sakkwato, abin da yakan fara tambaya shi ne, "Ba shi da kuɗin mota ne?" Idan aka ce masa yana da su, sai ya girgiza kai ya ce Allah Ya ba shi lafiya. Ni kaina na sha wannan addu'a, ban kuwa taɓa jin haushinta ba, domin kilomita dubu da ɗoriya ba wasa ba ne ko ga mai ƙafa huɗu, balle mai biyu. Yarbawa ma suna da sunan da suke kiran irinmu da shi. Da sun ga babur da ƙunshin kaya a baya, mahayinsa ya yi buɗu-buɗu da ƙura, sai ka ji an ce "Ajala". Olabisi Ajala ke nan, ɗan Nijeriyan da ya zaga ƙasashe da yawa a kan Vespa, har ya fitar da littafin tafiye-tafiyensa a 1963. A 2022 kuma Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur, ya iso Legas cikin kwana 41, domin jawo hankalin duniya ga yaƙi da shan-inna. Mu tamu tafiyar ba ta kai nan ba, gida kurum za mu. Amma abin da na koya a cikinta ya ishe ni, kuma ba da arha na koye shi ba.

Mu biyar ne, dukanmu mazauna Agege, shekaru kaɗan kafin 'yan bindiga su ɓata hanyoyin da zan ambata. Babbanmu wani dattijo ne mai sayar da goro, wanda kakansa yana cikin fataken da suka riƙa zuwa Gwanja da jakuna. Saboda haka muke ce masa Madugu. Shi kuwa bai ƙi sunan ba, har ma ya tsara mu yadda ya ji ana tsara ayari a da, watau jagaba a gaba, shi kuma can ƙurya baya, yana ɗauke da kayan gyara. Doka ɗaya ya kafa mana tun ba mu tashi ba, ya kuma maimaita ta har ta gundure mu. Ya ce kowane mahayi alhakin na bayansa yana wuyansa. Ka riƙa duban madubi. In ba ka hango na bayanka ba, ka sassauta, in har yanzu bai ɓullo ba, ka tsaya. Na gabanka shi ma zai rasa ka ya tsaya, da haka har labari ya kai ga jagaba ba tare da an buga wa kowa waya ba.

Shirin tafiya ma da nasa ilmin. Wanda bai sani ba yakan ɗauka babban babur mai tsada shi ne na doguwar hanya. Madugu bai yarda da wannan ba. A ganinsa babur na kirki shi ne wanda in ya lalace a ƙauye, bakaniken ƙauyen ya san cikinsa, kuma akwai kayansa a shagon da ke kusa. Abin da ya sa ke nan irin su Bajaj da 'yan acaba ke hawa sukan kai inda manyan babura ke kwana suna jiran a aiko musu da kaya daga Legas. A jakarsa babu abin burgewa: fulogi biyu, wayar kuloci da ta birki, tub sabo, kayan faci, famfon hannu, sifanu, filaya, ƙwan fitila, da ɗan gwangwanin baƙin mai. Sa'an nan ga igiyoyin roba da aka yanka daga tsohon tub, waɗanda ba abin da ya fi su riƙe kaya. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da bayan mahayi, domin in suka yi tsororuwa can baya, sai kan babur ya yi sakayau ya riƙa rawa a kwana. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cusa duk wani bakin igiya ko gefen riga da ke reto kusa da sarƙa. Ni da na zo da babbar riga sai da ya sa na naɗe ta na sa a jaka.

Hular kwano kuwa ba a ma yin musu a kanta. Mai karatu zai tuna da farkon 2009, lokacin da aka tilasta sa ta, har wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka domin su ruɗi jami'ai. An yi dariya a lokacin. Ni ma na yi.

Mun bar Agege da asuba, muka bi ta Shagamu da Badun da Oyo da Ogbomosho, muka yi zangon farko a Ilori. A wannan rana na gane cewa abokin gaban mai babur na farko ba rami ba ne, babbar mota ce. In ka bi bayan tirela kurkusa, ita ta ga ramin ta ratse shi tsakanin ƙafafunta, kai kuwa sai dai ka ji ka a ciki. In kuma tanka ta taho da gudu ta wuce ka, iskarta takan ture ka gefe, sa'an nan ta zuƙo ka. Dabarar ita ce ka matse tanki da gwiwoyi, ka saki kafaɗu, kada ka ƙanƙame kan babur. Na biyu shi ne ƙishirwa. Iskar gudu tana busar da gumi tun bai tsaya a jiki ba, saboda haka mutum ba ya jin yana zufa, sai can ya ji kansa na sara, hankalinsa ya fara yawo. Don haka duk bayan awa ɗaya da rabi Madugu yakan sa a tsaya, kowa ya sha ruwa ko yana so ko ba ya so. Haka nan mai: da tanki ya kai rabi, gidan man da aka fara gani nan za a sha, ba a jiran na gaba. In ta kama dole sai an saya wurin 'yan bumburutu, to, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a bakin tanki a tace, a kuma sunsuna, don kada a haɗa ka da gaurayen kananzir.

Abinci ma sai da aka yi mana iyaka. Da rana dabino ne da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi. Wani daga cikinmu ya saɓa, ya zauna ya tashi da malmalar amala biyu a Ogbomosho, bayan rabin sa'a muka ga baburinsa yana saƙa a kan kwalta kamar na mashayi. Barci ne.

Abin da na fi sha'awa shi ne yadda dattijon nan ke sauka a zango. Mu muna ɗokin wanka da kwanciya, shi kuwa ba zai taɓa ruwa ba sai ya gama da baburinsa, kamar yadda mai doki ba ya cin tuwo dokinsa na tsaye da sirdi. Yakan shafa wa sarƙa mai tun tana da ɗumi, domin a sa'an nan man ya fi shiga, ya taɓa ta da yatsa ya ji ko sakinta ya wuce faɗin yatsu biyu. Yakan bi taya da tafin hannu yana neman ƙusa ko ƙaya, ya bi kusoshi da sifana, don gargada tana kwance su a hankali. Iskar taya da baƙin mai kuwa sai da safe yake duba su, lokacin da komai ya huce, a wuri mai daidai. Duka-duka aikin bai fi na minti ashirin ba.

Kashegari muka haye Kogin Kwara a gadar Jabba, muka wuce Makwa, muka miƙi hanyar Kwantagora. Farkon kaka ne, damina ta bar ramuka sababbi, ciyawa ta yi tsawo har bakin kwalta, ba ka ganin abin da zai fito daga cikinta. Nan ne ake koyon cewa akuya ba ta ƙetare hanya ita kaɗai, in ɗaya ta gifta, to, saurari 'ya'yanta. In kuwa garken shanu ne, tsayawa ake yi a kashe inji, a gai da makiyayi, a jira. Faci biyu muka yi a wannan hanya, suka cinye mana lokaci, ba mu shiga Kwantagora ba sai la'asar sakaliya, alhali niyyarmu a Yawuri za mu kwana.

Madugu ya dubi rana ya ce, "Nan za mu yada zango."

Ni kuwa ina da aboki a Yawuri wanda na yi wa alkawari, ya yanka kaji, ya gyara ɗaki. Na ce, "Haba Baba, abin da ya rage bai fi tafiyar awa biyu ba."

Ya ce, "Awa biyun rana ko na dare? Malam, in magariba ta yi, hanyar ba taka ba ce."

Na san gaskiya ya faɗa. Almuru shi ne mafi munin lokaci ga mai babur: haske bai ƙare ba, fitila kuma ba ta fara amfani ba, dabbobi suna komawa gida, manoma suna dawowa a kan kekuna marasa fitila, ga motoci masu ido ɗaya waɗanda sai sun iso ka gane ba babura ba ne. Duk na san wannan. Amma kunyar aboki da ƙamshin kajin da ban ma gani ba suka rinjaye ni. Na ce ni dai zan wuce, mu haɗu da safe. Ƙaramin cikinmu, wani saurayi ɗan maƙwabcina wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Madugu ya yi shiru, can ya ce mini, "To, ga amana nan a bayanka."

Da farko ina duban madubi. Da duhu ya fara, sai idona ya koma kan kwalta kaɗai, ina ƙara wuta don mu rage hanya. Can sai na ga ganyaye zube a tsakiyar titi. Direbobinmu haka suke yi in mota ta mace musu, su karyo rassa su jera a maimakon alama. Kafin in gama fahimta sai ga bayan wata babbar mota baƙi ƙirin, ba fitila ko ɗaya. Allah Ya sa ba abin da ke tahowa, na kauce ta hannun hagu na wuce, gabana na faɗuwa. Na yi hamdala, na ci gaba. Mai karatu, na ci gaba! Na yi tafiyar da ba ta gaza kilomita biyar ba ina jin daɗin tsirar da na yi, kafin in tuna in ɗaga ido. Madubi duhu.

Ban san yadda na juyo ba. Na same shi zaune a gefen hanya, mutanen wani ƙauye sun kewaye shi da tocila, yaron motar yana ta rantsuwa cewa ya sa ganye. Ashe shi ta dama ya kauce, ya faɗa cikin yashin gefen titi, ya damƙe birkin gaba, abin da ba a yi a cikin yashi, ƙafar gaba ta zame ta watsar da shi. Wuyan hannunsa ya karye. Hularsa ta tsage tun daga goshi har ƙeya. Na riƙe ta a hannu ina dubawa, na tuna da ƙwaryar da na yi wa dariya.

Mutanen ƙauyen nan, waɗanda ba su san mu ba, su suka ɗaure masa hannu da kara da tsumma, suka tura baburinsa gidan mai unguwa, suka tsayar da wata a-kori-kura ta mai da mu asibiti a Kwantagora. Da na ciro kuɗi, dattijonsu ya ce in mayar, baƙon hanya ba a sayar masa da taimako. Madugu ya iske mu a asibiti. Na shirya wa faɗa, na ma fi son a yi mini shi. Bai yi ba. Ya duba yaron, ya yi magana da ma'aikata, sa'an nan ya zauna kusa da ni a kan benci ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Sai da muka daɗe ya ce, "Yaushe rabonka da madubi?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To." Ni na buga wa mahaifin yaron waya, don Madugu ya ce wanda ya karɓi amana shi ke ba da labarinta.

Bayan kwana biyu muka sa shi a mota, mu huɗu muka ƙarasa ta Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal. A Jega Madugu ya tsaya ya nuna mana kasuwa, ya ce nan kakansa yake sauke jakuna. Abokina na Yawuri kuwa gaisawa kurum muka yi a bakin hanya. Kajin tuni yara sun ga bayansu.

Yanzu abubuwa sun sake. Tun da aka sace ɗalibai a Tegina da Birnin Yawuri a 2021, har jihohi da dama suka taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka a wannan shekara, jerin babura biyar masu ƙura ba abin da ƙauye zai yi wa maraba ba ne. Yaran da a da suke bin mu da gudu suna ɗaga hannu, yau da sun ji ƙugin babura daji za su nufa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Masu yin irin wannan tafiya a yanzu sun ƙara wasu darussa a kan na Madugu: a tambayi direbobin tasha labarin hanya kowace safiya, a shiga gari da rana tsaka a rarrabe, a kashe inji a cire hula tun kafin a isa shingen jami'ai, takardu kuma su kasance a leda cikin aljihun ƙirji. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, har tambayar nan ta kuɗin mota ta rage kaifi, don ko cika tankin babur sai an yi lissafi.

Saurayin nan ya warke, ya yi aure, yana da shagon ɗinki a Agege. Hannun ya ɗoru, sai dai in sanyi ya shigo yakan yi masa tsami, ya ajiye almakashi ya riƙa murza shi. Bai taɓa ce mini komai ba. Hular tana nan rataye a ƙusa a bayan kekensa, yana zuba maɓallai a ciki.