Birnin Ikko Da Gadojinsa Uku

Duk mai shiga tsibirin Ikko da mota daga wajen Yaba ko Surulere, tilas ya hau ɗaya daga cikin gadoji uku. Akwai Gadar Carter, wadda Turawa suka fara ginawa a 1901, da Gadar Eko da aka kammala a 1975, sa'an nan Third Mainland wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Wannan ta ƙarshe tsawonta ya kusa kilomita 12, tana miƙe bisa ruwa, masunta na tuƙa kwalekwale a ƙarƙashinta.

Kowace aka buɗe sai jama'a su ce an rabu da cunkoso, amma ba a jimawa motoci sun cika ta maƙil. Dalili kuwa shi ne, ma'aikata suna kwana a Mushin da Agege da Ikorodu, alhali ofisoshi da bankuna suna tsibiri.

A 1977 hukuma ta raba wa motoci ranakun shiga gari bisa ga lambobinsu. Masu hali suka sayi mota ta biyu. Jirgin ƙasan da Gwamna Jakande ya soma a 1983, soja suka soke shi a 1985. Sai a 2008 aka keɓe wa manyan bas hanyarsu a titin Ikorodu, jirgin ƙasa kuma ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023.

To, mahukuntan Kano da Kaduna masu gina gadojin sama, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kwalta kaɗai ba ta maganin cunkoso.