Yadda Fijon Baba Ta Ƙi Tashi, Da Abin Da Na Koya

Yau ba maganar waya zan yi ba, labarin wata tsohuwar mota zan ba ku, amma duk mai taɓa gyaran waya zai tsinci kansa a ciki.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Shekara biyu tana ajiye a rumfa ba wanda ya taɓa ta. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan kawai. Ni kuwa a cikinta na koyi tuƙi, sai na roƙi a ba ni sati ɗaya. In ta tashi in saye ta a cikin kasona, in ta ƙi shi kenan.

Na sa sabon batir, na zuba sabon fetur. Ina murza makulli injin yana juyawa, amma ya ƙi kamawa. Na canza fulogai huɗu, shiru. Na kalli wani bidiyo a YouTube, na sayo sabon kwayil, shiru. Ga shi babu inda za ka soka na'urar da ke karanta matsalar mota, domin motar ba ta da kwamfuta ko kaɗan. Kwana biyar suka tafi, kuɗi ma suka tafi.

Ran na shida na ɗauko wani tsohon bakanike a unguwarmu. Abin da ya zo da shi: ƙwan fitila mai waya biyu, sukundireba da 'yar takardar yashi. Ya ce, "Ɗana, kafin ka sayi kayan nan ka duba ko akwai wuta?" Na ce, "Wallahi Baba ban duba ba."

Ya zare babbar wayar da ke tsakiyar murfin distiributa, ya riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, ya ce in murza. Da lafiya ƙalau take, da an ga shuɗin tartsatsi. Babu.

Sai ya ɗora fitilarsa a ƙafar kwayil mai alamar (+), makulli a buɗe. Ta kama. Wato batir da makulli ba su da laifi. Ya mayar da ita ƙafar (-), ya ce in sake murzawa. A nan ya kamata ta riƙa ƙiftawa, saboda kontak da ke cikin distiributa yana buɗewa yana rufewa, kuma duk lokacin da ya buɗe ne kwayil ke harba wuta zuwa fulogi. Tamu ta kama ta tsaya cak. Ya ce, "Ka gani? Kontak ba ya haɗuwa."

Da ya buɗe murfin, bakin kontak ɗin ya yi tsatsa saboda zama. Ya goge shi, ya saita tazararsa milimita 0.4, ya rufe. Murzawa ta biyu motar ta ɗauka. Mahaifiyarmu ta fito daga ɗaki da jin ƙarar, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba.

Kafin ya tafi ya ja min kunne: kada in bar makulli a buɗe inji a kashe, yana iya ƙona kontak da kwayil. Kuma kada a gwada tartsatsi inda fetur ya zube.

Tun ranar, ko waya aka kawo min ta ƙi caji, ba na fara cewa a canza batir. Sai na duba soket, kan caja, igiya, sannan bakin cajin ko datti ne ya toshe shi.

Motar tana wurina yanzu. Kwayil ɗin Baba na asali ma na mayar da shi, ashe lafiyarsa ƙalau.