Gidan Tarihi Na Jos, Da Hirar Da Iyaye Suka Yi A Can

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani wuri da na gani a Jos, da wata magana da na ji a can wadda ta shafi kowane mai ɗa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ga wanda bai sami zuwa ba tukuna, jin ma ya fi babu.

Mun tashi daga Zariya cikin mota, ni da 'ya'yana biyu, namiji mai shekara goma da mace mai shekara bakwai, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre, tafiyar kamar mil 150. Da an doshi Jos sai hanya ta yi ta hawa, iska kuma ta sake, gama garin bisa tudu yake, bisansa daga bakin teku ya kai wajen ƙafa 4,000. Wanda ya zo da 'yar shara kaɗai lalle ya nemi mayafi da almuru. Ko'ina ka duba duwatsu ne wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jera su, ga kuma manyan kududdufai waɗanda asalinsu ramukan masu haƙar kuza ne, ruwa ya cika su. Kuzar nan ita ta raya garin. Saboda ita aka shimfiɗa 'yar ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, wadda ta iso a 1914, aka kuwa rufe ta a 1957.

Gidan ajiye kayan tarihi yana cikin gari, a gindin dutse, kusa da gidan namun daji. Wani Bature mai suna Bernard Fagg shi ya kafa shi, aka buɗe a 1952. A duk Nijeriya na Esie kaɗai, wanda ke ƙasar Kwara, ya girme shi, don shi an buɗe shi a 1945, na Ikko kuwa sai a 1957.

Abin da ya fi jan mutane zuwa nan shi ne kawunan yumɓu da ake kira na Nok. Nok wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928. Ba wanda ya kula da su sosai sai wajen 1943, sa'ad da aka tono wani kai kusa da Jama'a. Akawun wurin haƙar ya ɗauke shi ya kai gida, ya kafa shi bisa sanda cikin gonar doyarsa don ya riƙa korar tsuntsaye. Daga can aka kai wa Fagg, shi kuwa da ya gwada shi da na Nok sai ya ga aikin mutane ɗaya ne. Da mai yi mana jagora ya kawo nan cikin labarin, sai yarona ya dube ni ya ce, "Baba, ashe akawu ne irinku!" Muka yi dariya. Amma ni na ce a raina, da akawun nan ya wurgar da kan cikin rami, da ba mu san inda labarin zai tsaya ba.

Kawunan nan gasassun yumɓu ne, masu rami a ciki kamar tulu. Idanunsu masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar idon, da hanci da baki, wasu kuma da kitso iri iri da duwatsun wuya, har mutum ya yi tsammani jiya makitsiya ta tashi daga kansu. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara tono a ƙasar Nok a 2005, sun nuna cewa mutanen nan sun zauna a wurin tun wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake. An kuma sami matoyar ƙarfensu a Taruga wadda ta haura shekara 2,000. Watau tun kafin a kafa ganuwar Kano da ƙarni masu yawa akwai maƙera da magina a ƙasar nan tamu.

Daga nan muka shiga zauren tukwane, inda aka tara randuna da tuluna da kasake daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ita ta yi wahalar tattara yawancinsu. 'Yata, wadda tun da aka haife ta ba ta san ruwan sha ba sai na roba, ta tsaya tana tambaya ko me ya sa randa take sanyaya ruwa. Mai jagora ya ce mata jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yakan tsattsafo ta ciki, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Akwai kuma ajiyar littattafan Larabci rubutun hannu, da tsofaffin kayan jirgin ƙasa da na haƙar kuza, waɗanda da ƙyar muka raba yara da su.

Amma abin da ya fi shiga raina shi ne filin gine-ginen gargajiya. Wani masanin gini mutumin Foland, Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo yana auna tsofaffin gine-ginen ƙasar nan, bisa aikinsa kuwa aka gina kwatankwacinsu a Jos da ƙasa da azara, har da yankin ganuwar Kano da Masallacin Jumma'a na Zariya. Masallacin nan Babban Gwani Mika'ilu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da bakan gizo na ƙasa waɗanda har yau magina na duniya suke mamakinsu. Na Zariya an lulluɓe shi da sabon gini tun shekarun 1970, saboda haka mai son ya ga siffarsa ta dā daga waje, sai ya zo Jos. Sai dai kowa ya san ginin ƙasa kamar doki yake, in ba a kula da shi kowace shekara da yaɓe ba, damina ba ta jin roƙo.

Da rana ta take, muka sami inuwa muka zauna, yara suka tafi wasa. A nan na tarad da wasu iyaye uku: wani malamin makaranta daga Bauci, da wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya kawo jikokinsa. Muka gaisa, Hajiya ta miƙo goro, hira ta ɓarke.

Malamin ya ce, "Hajiya, abin da ke damuna ke nan. Na tambayi yaran ajina wa ya gina masallacin Zariya, ko ɗaya bai ɗaga hannu ba. Na ce to, wa ya fito a Sangaya, sai ajin duka ya amsa da murya ɗaya, Ali Nuhu! Anya muna bisa hanya kuwa?"

Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Malam, a bar zagin mai gida a zaurensa. Ni da kake gani, da sunan Ali Nuhu na jawo nawa zuwa nan. Na ce musu a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma a 2024 an ba shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda babban ofishinta ke garin nan. Tun daga Kano suke leƙen kowace mota ko za su gan shi. Ba su gan shi ba, amma ga su can sun ga abin da bai taɓa shiga kansu ba. In zuma ce za ta sa yaro ya sha magani, ina laifin zuma?"

Dattijon ya ce, "'Yata, kin yi gaskiya, amma ni nawa gwanin Samanja ne, Usman Baba Pategi. Soja ne na gaske, ba na aro ba, shi ya sa in ya daka tsawa har mu masu kallo mukan gyara zama. Sai Ƙasimu Yero, wanda a ƙasar Jos ɗin nan suka yi wasan Cock Crow at Dawn a shekarun 1980. Yanzu ina suke? Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu a 2017, Samanja a 2023. Jikokina ba su san ko ɗaya ba sai Ibro. In ba a yi hattara ba, su ma sai an tono su kamar mutanen Nok."

Malamin ya ce akwai wata magana kuma, maƙwabcinsa ya yi masa faɗa, wai zai kai yara kallon gumaka. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka gaya masa ba bauta muka zo yi ba. Wanda ya tsaya a kufai yana dubawa, wa'azi yake ɗauka. Mutanen nan sun yi kitso, sun yi ado, sun yi mulki, yau ko sunan sarkinsu ba wanda ya sani." Hukuncin wannan magana na bar wa malamai, su suka fi ni sani, amma na ga ya kamata in kawo ta yadda na ji ta, domin ta hana iyaye da yawa zuwa.

Sa'an nan suka juyo gare ni suka ce, "Malam Akawu, kai fa ba ka ce kome ba." Na ce ni aikina ajiyar takardu ne, saboda haka labarin ajiya zan ba su. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin Shehu Umar, Adamu Halilu ya mai da shi majigi a 1976. Shekaru suka shuɗe har aka fid da rai da shi, ana cewa ya ɓata. Sai a 2016 aka sami faifansa cikin tsohuwar ajiyar Hukumar Fina-finai, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Abin da bai wuce shekara 40 ba ke nan ya kusa salwanta, balle na shekara 2,000. Kan Nok da faifan majigi cuta ɗaya ke kashe su, watau rashin mai kula. Ɓarayi kuma ba su barci. A 1987 an sace wani kan tagulla na Ife daga gidan nan na Jos, aka fita da shi Turai, kayan Nok ma masu tonon sata sun kwashe da yawa sun sayar a ƙasashen waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da bai taɓa ganin kayan kakanninsa ba, in ya girma ya tono su a gona, me zai hana shi sayarwa da kuɗin cefane?

Saboda haka, ya Edita, ina da roƙo uku.

Na farko ga iyaye. Kada mu ce sai mun je Jos. Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, Katsina akwai gidan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, Argungu akwai na Kanta, Sakkwato akwai na Waziri Junaidu, Kaduna ma akwai, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa suna da na Bubu Hama a Yamai tun 1959. Kuɗin shiga kaɗan ne. Ko sau ɗaya a shekara, lokacin hutu, mutum ya kama hannun ɗansa ya kai shi, kuma kada a bar 'ya'ya mata a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu ga malaman makaranta. In za ku kai yara, ku ba su labarin wurin tun daga aji, in an komo kuma kowa ya rubuta abu uku da ya gani. In ba haka ba, tafiyar ta zama yawon shan rake.

Na uku ga 'yan wasan kwaikwayo da shugabanninsu. Allah ya ba ku kunnen yaranmu, abin da mu iyaye muke nema da kuka. In gwanin da yara suke so ya tsaya gaban ganuwa ya faɗi wanda ya gina ta, rana ɗaya ya yi aikin da malami zai shekara yana yi. Ina labarin Babban Gwani a majigi? Ina na maƙeran Taruga? Har wa yau ya kamata a keɓe ɗaki a ɗaya daga cikin gidajen nan, a ajiye kakin Samanja da hulunan Ibro da faya-fayan wasanninsu, da yardar iyalansu, tun waɗanda suka san su suna da rai. Yaron da ya shigo don hular Ibro, ba zai fita ba sai ya ga randar kakarsa.

In akwai wanda ya ga kuskure cikin shawarar nan, ko yana da wadda ta fi ta, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru duka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya shirya mana zuriya, ya ja zamanin wannan jarida, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani Akawu, Zariya.