Baƙar Wayar Da Muka Raina

Mu malaman makaranta mun saba tsayawa gaban allo muna gaya wa yara cewa wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komawa. Ashe faɗa a aji daban, aiki da hannu daban.

Bara, da saukar karatun ɗalibanmu ta matso, muka yi karo-karo muka sayi amfilifaya da lasifika biyu domin ƙaramar bas ɗin makarantarmu, don a zaga Zangon Kumasi ana sanarwa. Da muka ji kuɗin aikin haɗawa, sai muka ce ai mu ma mun yi karatun kimiyya. Ran Asabar muka cire riguna muka shiga aiki.

Jar wayar da ta taso daga batir mun ba ta haƙƙinta, mun sayi mai kauri. Amma baƙar waya, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, sai muka tsinto wata siririya mai tsawon kusan mita 2, muka naɗe ta a notin kujera, bisa fenti. Muka kunna, murya ta fito, muka tafa.

Washegari aka fara zagaye da yara cike da mota. Da direba ya taka totur sai lasifika ta kama wani kuka kamar na sauro, yana ƙaruwa da gudun inji. Can kuma murya ta riƙa ɗaukewa. Kafin mu kai bakin kasuwa wani yaro ya ce, "Malam, roba na ƙonewa!" Muka tsaya, muka sauke yara a guje. Robar baƙar wayar nan ta narke, shimfiɗar ƙasan mota ta fara hayaƙi. Allah ne Ya kiyaye 'ya'yan mutane.

A Suame Magazine muka sami wani dattijo mai gyaran lantarkin mota. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malamai, wa ya yi wannan?" Muka ce, "Baba, mu ne." Bai yi mana dariya ba, sai ya zaunar da mu ya karantar.

Ga abin da muka koya. Jikin mota duka shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Saboda haka duk wutar da ta shiga ta jar waya, ita ce za ta fita ta baƙa, tilas kaurinsu ya zama ɗaya. Baƙar kuma ta zama gajera, kada ta wuce santimita 45. Fenti da tsatsa suna tare wuta, inda wuta ta taru kuwa nan zafi ke tashi. Sai a kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a matse wa wayar zobe a baki, a ɗaure da noti tamau, sannan a shafa giris don kada tsatsa ta dawo. Kafin a taɓa komai a cire wayar batir ta nagetif. Kafin a huda ƙarfe a leƙa bayansa, kada a fasa tankin mai ko bututun birki. A kuma sa fis a jar waya kusa da batir.

Ya gama cikin rabin awa, kukan sauro ya ɓace. Abin da muka biya shi bai kai kuɗin shimfiɗar da ta ƙone ba.

Muna roƙon matasanmu masu sa kiɗa a mota da masu motocin wa'azi, ku leƙa ƙarƙashin kujera ku duba wannan waya yau, kafin ku ɗauki fasinja. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu, amin.