Ɗan Aikena a Kasuwar Hannun Jari

Tun da aka ji a unguwa cewa ina da 'yan hannayen jari a kasuwar Akra, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, kai da kake wuni a gaban allo, yaushe kake samun sukunin bin farashi?" Tambayar tana kan hanya, domin ana ciniki a kasuwar ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 3 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, watau daidai lokacin da nake fama da yara a aji, ga alli a hannu. Amsar ita ce ba na bi. Imel na ɗora wa wannan aiki, shi ne ɗan aikena, kuma yau ina so in bayyana yadda na tsara abin, da abin da ɗan aiken nan zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa.

An kafa Kasuwar Hannun Jari ta Ghana a 1989, aka fara ciniki a cikinta a watan Nuwamba na 1990. Shekara da shekaru mutanenmu na zango suna ɗaukarta harkar manyan mutane masu kwat, ko da yake akwai 'yan tsirarun iyayenmu da suka sayi hannun jarin kamfanin zinariya na Ashanti Goldfields a 1994, da na bankin GCB a 1996. Abin da ya kawo kasuwar ƙofar gidanmu shi ne sayar da hannun jarin MTN Ghana a 2018, a kan pesewa 75 kowane ɗaya, kuma mutum yana iya saye da kuɗin cikin wayarsa ba tare da ya taka ƙofar banki ba. Ni na sayi 1,000, sidi 750 ke nan, daga abin da na ɗauka a adashin malaman makarantarmu. Teloli sun saya, mahauta sun saya, har da mata masu koko. Da yawa daga cikinsu tun ranar ba su sake jin ɗuriyar dukiyarsu ba, kuma saboda su ne na ɗauki alƙalami.

Abu na farko ba a cikin waya yake ba. A kwalejin horon malamai an hore mu cewa malami ba ya shiga aji sai da shirin darasi a rubuce. Ƙararrawar makaranta ba ta koyar da komai, tana dai gaya maka lokaci ya yi, abin da za ka yi kuwa tun jiya ka rubuta shi. To, haka saƙon faɗakarwa na imel yake. In ya zo ya tarar ba ka riga ka yanke shawara ba, abin da zai kawo maka kawai shi ne faɗuwar gaba, ko kuma kwaɗayi, kuma duka biyun miyagun mashawarta ne. Saboda haka na ware littafi guda, irin na 'yan makaranta, kowane kamfani da shafinsa. A shafin na rubuta dalilin da ya sa na saya, da farashin da na saya, da farashin da in ya kai zan sayar da kashi ɗaya cikin uku, da irin labarin da in na ji zan fita gaba ɗaya, alal misali a daina rabon riba shekara biyu a jere ba tare da gamsasshen bayani ba. A ƙasan kowane shafi akwai doka ɗaya: duk saƙon da ya zo, sai ya kwana kafin in kira dillali.

Bayan littafi sai akwatin wasiƙa. Na buɗe adireshin imel na daban don wannan harka kaɗai, ba wanda nake karɓar takardun makaranta da gaisuwar 'yan'uwa a ciki ba, na kuma sa masa matakin tsaro na biyu, watau ban da kalmar sirri sai an turo lamba ta waya kafin ya buɗe. Wannan adireshin na bai wa dillalina. Duk mai hannun jari a kasuwar nan dole ya bi ta hannun dillali mai lasisi, kuma dillalin ne ke buɗe masa asusu a ma'ajiyar da ake kira CSD, inda ake adana hannayen jari cikin kwamfuta maimakon takarda. Na roƙe shi ya sa ni cikin masu karɓar rahoton kasuwa na kullum. Rahoton yana isowa bayan an tashi kasuwa, ni kuma ina duba shi bayan la'asar, kafin in hau gyaran aikin yara. Ba ya cin minti biyar.

Sai kuma Google Alerts, wanda kyauta ne. Mutum zai shiga shafin, ya rubuta sunan kamfanin tsakanin alamomin zance, ya zaɓi ƙasa da harshe, ya zaɓi sau nawa yake so a aiko masa: nan take, ko sau ɗaya a rana, ko sau ɗaya a mako. Ni sau ɗaya a rana na zaɓa, don wanda ya zaɓi nan take ba zai yi mako guda ba sai ya gaji ya daina buɗewa. Akwai 'yar dabara a nan. In ka rubuta "MTN Ghana" tsurarsa, rabin abin da zai zo maka labarin ƙwallo ne, tun da kamfanin ne ke ɗaukar nauyin gasar kofin FA ta ƙasa. In ka rubuta GOIL kuwa, labarin farashin fetur zai rufe ka. Maganin shi ne ka haɗa sunan da kalmar turanci dividend, wadda ke nufin rabon riba, ko results, watau sakamakon lissafi, sa'an nan ka sa alamar ɗebewa a gaban kalmar da ba ka so, kamar cup. A cikin Gmail kuma akwai rariya: kana iya cewa duk saƙon da ya fito daga dillali a sa masa tauraro, kada a jefa shi cikin tarkace, saura kuwa a tara su a aljihu guda sai ranar Asabar.

Cikin dukkan saƙonnin nan, wanda ya fi mini daraja shi ne sanarwar rabon riba, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Sanarwar takan zo da ranaku dabam-dabam. Akwai ranar da daga ita duk wanda ya saya ba shi da rabo a wannan zagayen, akwai ranar da ake duba rajista a ga sunan wa ke ciki, akwai kuma ranar biya. Wanda ya ji labarin rabo a bakin shayi ya garzaya ya saya bayan ranar farko ta wuce, to, ya sayi akuya bayan ta haihu, 'ya'yan na mai sayarwa ne. Wanda kuma ya sayar kafin ranar, ya bar wa wani abin da ya yi shekara yana jira. Ana cire harajin kashi 8 cikin 100 tun daga tushe. Misali, in aka ce pesewa 10 ga kowane hannun jari kuma kana da 1,000, sidi 100 ke nan, abin da zai shigo maka 92 ne. Nakan ba 'yan ajina irin wannan lissafi a darasin kashi cikin ɗari, kuma sun fi gane shi da na buhun masara.

Faɗakarwar farashi, wadda ita ce mutane suka fi ɗokin ji, ita ce mafi ƙarancin amfani a kasuwarmu, a ganina. Gaskiya ne shafuka irin su TradingView da Investing.com suna barin mutum ya ja layi, ya ce in farashi ya haura kaza ko ya sauka ƙasa da kaza a aiko mini, kuma abin yana aiki ga kamfanonin da ake cinikinsu a manyan kasuwanni, kamar Tullow a Landan ko AngloGold Ashanti a New York. Amma kasuwar Akra ƙarama ce, kamfanoni 30 da 'yan kai, kuma MTN ne ke ɗauke da mafi yawan cinikin. Akwai kamfanin da zai yi kwanaki ba a sayi ko hannun jari ɗaya nasa ba. Farashin da ka gani a rahoto farashin cinikin ƙarshe ne, ba alkawari ba ne cewa akwai mai saye yana jiranka a kansa. Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwa kwana biyu bayan Sallah ya san abin da nake nufi. Shi ya sa in rahoto ya nuna an kai lambar da ke littafina, ba na cewa dillali ya sayar kawai. Nakan ba shi umarni mai iyaka, a rubuce ta imel: guda nawa, kada ya sauka ƙasa da nawa, kuma zuwa wace rana. Nakan kuma tambayi la'adarsa tun da fari, don ciniki ƙanana-ƙanana la'ada ke cinye su.

A 2020 farashin MTN ya sauko ƙasa da pesewa 75 ɗin da aka sayar mana. Rahoto yana zuwa kullum da yamma, ina dubawa, ina buɗe littafi, ina ganin babu ko ɗaya daga sharuɗɗan fita da ya cika: kamfani yana rabon riba, kuma duk unguwa babu wanda ya daina sayen kati ko tura kuɗi ta waya. Sai in rufe in ci gaba da gyaran aikin yara. Zuwa ƙarshen 2024 farashin ya haura sidi 2. Kada dai mai karatu ya yi saurin tafa mini. A ƙarshen 2018 dala ɗaya ba ta kai sidi 5 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura sidi 14, kuma a watan Disamba na 2022 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 54.1 cikin 100. Domin haka na ƙara faɗakarwa ɗaya a kan alƙaluman hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke fitarwa duk wata. Riba da ba ta kamo tsadar shinkafa da kuɗin mota ba, riba ce a takarda.

Akwai wani saƙo da babu na'urar da za ta aiko maka, shi ne saƙon da bai zo ba. Kamfanonin kasuwar wajibi ne su riƙa fitar da lissafinsu duk wata uku, da kuma babban lissafi na shekara wanda masu binciken kuɗi suka duba. Ranar 14 ga Agusta, 2017, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank. UT Bank yana cikin kasuwar, kuma ranar da labari ya fito babu sauran abin da mai hannun jari zai iya yi, ko imel ɗinsa ya fi walƙiya sauri. Amma kafin ranar bankin ya daɗe bai fitar da lissafinsa ba. Saboda irin wannan nake rubuta a kalandar ɗakina watan da ya kamata lissafin kowane kamfani ya fito. In watan ya wuce akwati shiru, sai in rubuta wa dillali in tambaye shi dalili.

Wani ɗan'uwa ya ce da ni, "Malam, kana da banki ko kamfanin giya a ciki?" Ba ni da su, kuma ban sa musu faɗakarwa ba, don abin da ba zan saya ba ban ga dalilin jin labarinsa kullum ba. Wanda yake shakka ya tafi da sunan kamfanin da irin sana'arsa wurin malaminsa kafin ya saya.

Da zarar adireshinka ya shiga duniya, baƙin da ba ka gayyata ba za su fara sallama. Wani zai ce yana da sirrin kasuwa, wani zai yi alkawarin kashi kaza duk wata, wani zai zo da tambarin dillalinka ya ce a danna nan a sabunta asusu. Mun ga abin da ya faru da masu kuɗi a Menzgold bayan hukumar SEC ta dakatar da harkarsa a watan Satumba na 2018, mun kuma ga yadda hukumar ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya kuɗin jama'a a watan Nuwamba na 2019. Hukumar tana da jerin masu lasisi a shafinta, dubawa kyauta ce. Dillali na gaskiya ba ya neman lambar sirrin kuɗin wayarka. In saƙo ya zo yana gaggauta ni, nakan duba adireshin da ya fito harafi bayan harafi, sa'an nan in kira lambar da na karɓa hannu da hannu a ofis, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Ga kuma 'yan'uwa da suka gāji takardun hannun jari na shekarun 1990 a cikin adakar mahaifi. Kada a yar da su. Ashanti Goldfields ya haɗe da AngloGold a 2004, GCB yana nan, kuma mai yiwuwa an yi shekaru ana aika takardar rabon riba zuwa akwatin gidan waya da babu mai buɗe shi. A ɗauki takardar, da katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun gado na kotu in mai ita ya rasu, a kai wa dillali mai lasisi ya haɗa ku da mai rajistar kamfanin. A can ne za a canja suna, a shigar da hannun jarin cikin CSD, a kuma rubuta lambar asusun banki da adireshin imel na wanda magada suka yarda ya riƙa karɓar saƙo a madadinsu.